Baba Ɗan Jimo yana jiran Malam Isufu kafin ya sa wuta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Maradi, wai Malam Isufu ya rasu. Hatsarin moto, babur ɗinsa, a hanyar Mayahi.

Wanda bai san shi ba, shi ne mutumen da kuke gani cikin gonaki lokacin sassabe, riƙe da doguwar sanda mai tiyo, yana bin hayaƙi. Aikinmu ke nan: mu auna kara da sabara kafin a ƙone, mu zuƙo hayaƙin cikin aparai, na'urar awonmu, mu auna toka, don a san yawan iskar da ke ƙara wa duniya zafi da baƙin da ke shiga ƙirjin mutane. Shi ya koya mani duka.

Ranar da na fara, na tsaya inda iska ke kai hayaƙi, idona na ta zubar da ruwa. Ya jiƙa rawaninsa ya miƙo mani. "Rabi, hayaƙi muke aunawa, ba kilishi za mu yi da ke ba."

Bai taɓa cin abinci ya bar ni ina kallo ba.

Da farko mutanen ƙauyen Attantane sun ɗauka ɗan gandun daji ne mai cin tara. Da sun hango motonsa sai su kashe wutar, su ce ba su san wa ya kunna ba. Baba Ɗan Jimo, wani dattijo manomi, shi ya fara yarda da shi. Tun daga nan, kowace shekara ba ya sa wa gonarsa wuta sai Malam yana tsaye.

Ganinmu na ƙarshe kasuwar Mayahi ne. Yana shan fura, ya ce, "Tsohon nan ya tara kara yana jirana. In ruwa ya riga mu, ya jiƙa mashi, na cuce shi."

Wallahi can za shi hatsarin ya same shi.

Ɗazu Baba ya kira ni. Bai ji rasuwar ba. Ya ce, "Ɗiyata, ina malaminki? Kowa ya ƙone sai ni, ga hadari na haɗuwa gabas. Ki ce mashi ban taɓa ashana ba."

Sai na ce, "Baba, gobe ina tahe."

Zan tahi da aparai, mu sa wutar nan kafin ruwa ya sauka, ya samu ya yi shuka. Amma yadda zan dubi idon tsohon nan in faɗa mashi, wannan kam ban sani ba. Zuciyata ta karye.

Allah ya jiƙan Malam Isufu, ya sanyaya kabarinsa, ya dubi iyalinsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mashi addu'a. Ku sa ni ciki, gobe ina da buƙata.