Me Aka Samu?

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a hanyar Roni zuwa Kazaure ya san Yakubu Mai Faci. Rumfarsa na gindin wata tsamiya a bakin titi, jikin shagona na ɗinki, kuma tare muka tashi tun muna yawo ba wando. Ƙato ne, baƙi, mai gemu har ƙirji. Idan ya rungumi tayar babbar mota sai ka ce faifai ya ɗauka. Ba shi da yawan magana, ba shi da abokin faɗa. Yana da matarsa Zara da 'ya'ya, babbar ma tana ɗakin miji. Abu ɗaya ne a jikinsa da baƙo kan sake kallo, wato hujin da ke kunnensa na hagu, irin na mata.

Ɗaya abin kuma sai azahar ta gabato ake jin sa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Adda, takan dogaro sanda daga gida da kwanon abinci a kanta, ko da Zara ta rantse za ta aiko. Tun daga nesa za ta ɗaga murya: "Dela! Ke Dela, zo ki karɓa, wuyana ya gaji." Wannan ƙaton sai ya ajiye guduma, ya ce, "Na'am, Adda," ya je ya durƙusa ya karɓa. Mu 'yan gari ko ɗaga kai ba ma yi. Ni kaina idan ina son tsokanarsa nakan ce, "Dela, ki ara mini almakashinki," shi kuma ya jefe ni da tsumman baƙin mai.

Dalilin sunan ba ɓoyayye ba ne, Adda ta sha ba mu labarin. Tana amarya suna zaune a wata ruga a gindin duwatsu, ta wajen Gwiwa. Ta haifi maza uku a jere, babu wanda ya kai yaye. Ta ce kowace haihuwa, da rana tsaka, maza duk suna gona, sai a ji murya daga bayan danga, ba sallama: "Me aka samu?" Muryar ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba. Ungozoma takan amsa da murna, "Namiji!" Sai muryar ta ce, "To, madalla." Shi ke nan. Kowa ya san idan an faɗa maka abin da aka haifa, cewa kake yi Allah ya raya. Mai wannan murya bai taɓa faɗa ba, kuma ba a taɓa jin takunsa yana tafiya ba.

A haihuwa ta huɗu, tana durƙushe ko cibiya ba a yanke ba, tambayar ta zo. Adda ta ce ta miƙa hannu ta toshe bakin ungozoma, ta amsa da kanta: "Mace." Aka yi shiru mai tsawo a bayan dangar, har kaji suka daina tono. Ba a ce madalla ba. Ranar suna uban ya raɗa masa Yakubu, ita kuwa ta huda masa kunne, ta kira shi Dela, sunan da ake ba macen da ta biyo bayan maza. Tun daga ranar kalmar "kai" ba ta taɓa fita daga bakinta zuwa gare shi ba.

Mun sha ce mata, "Adda, ai duk gari an san namiji ne, ga gemu ga iyali." Sai ta ce mai tambaya ba ruwansa da maganar gari, amsar 'yan gida yake jira, daga bakin uwa ko daga bakin ɗan. Ta sa Yakubu ya yi mata alkawari ba zai taɓa amsa wannan tambaya ba. Malamai sun gaya mata camfi ne, ta ce gaskiyarsu, ta yi istigfari, washegari ta fito tana kiran Dela. Shi kuwa alkawarin bai taɓa yi masa nauyi ba. Wa zai tare mai gemu ya tambaye shi namiji ne ko mace? Haka ya kai shekara hamsin da ɗoriya lafiya lau, ko zazzaɓi bai cika kwantar da shi ba.

Sai Muhsin ya buɗe shagon cajin waya a tsallaken titi. Magidanci ne, ba yaro ba, amma irin mutanen nan ne da ko akuya ta yi atishawa sai sun ɗauka sun ɗora a Fesbuk. Wata rana ya ɗauki Adda tana kira, ya ɗauki Yakubu yana durƙusawa, ya matso da hoton kunnen sosai. Ya rubuta a ƙasa: "Ku zo ku ga Hajiya Dela ta Roni." Ya ce wai don raha ya yi.

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya je inda Yakubu bai taɓa takawa ba. Mutanen da ba su san ko Roni gari ne ko sunan magani ba suka yi ca. Wannan ya ce ɗan daudu ne, wancan ya ce baƙar aƙidar Turawa ce ta iso ƙauye, wani ya ce a ƙone rumfar da shi a ciki. Wasu kuma daga can wata uwa duniya suka riƙa yi masa kirari da Turanci, wai jarumi ne da ya fito ya nuna ainihin kansa. Ɓangarorin biyu suka kama zagin juna a kan mutumin da ko wayar shafawa ba ya riƙewa. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, don cikinsu babu wanda ya tambayi dalili.

Ni na riƙa karanta masa, don ya ce gara ya ji. A nan na fara ganin wani rubutu da ya bambanta da sauran. Mai shi ba shi da suna, ɗigo ɗaya ne kawai a wurin sunan, hotonsa kuma dangar kara ce da rana ta haske. Bai zagi kowa ba. Abin da ya rubuta shi ne: "Me aka samu?" Na gangara ƙasa, na sake ganin sa. Duk shafin da aka kai bidiyon, yana nan a tsakiyar zage-zagen da tambayarsa. Na tsallake ban karanta ba, amma Yakubu ya ga fuskata, ya karɓi wayar ya duba da kansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini, ya ce, "Wani ne da ya san labarin yake wasa." Na ce haka ne. Amma ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba.

Da aka wayi gari an watsa wa rumfar fetur, Allah ya sa ba a kai ga ƙyasta ashana ba, Zara ta ce ba za ta zauna a mayar da ita bazawara ba. Ta matsa sai an je wurin 'yan sanda. Na raka shi. Wanda muka samu, Sufeto Ashiru, mutum ne mai fara'a, kuma har ga Allah na san taimako ya yi niyya. Ya sa aka kira Muhsin, ya karɓi wayarsa yana ta shafawa yana girgiza kai.

"Malam Yakubu, wa zan kama a nan?" in ji shi. "Wannan yana Kano, wannan yana Legas, wannan ma ban san ƙasarsu ba. In na ce duk wanda ya yi zagi a waya sai na kulle shi, ɗakinmu ba zai ɗauki mutanen layinku ba ma. Mai fetur za mu neme shi. Sauran kuwa, kowa da bakinsa."

Muhsin ya samu ƙofa. "Ranka ya daɗe, ni ban zage shi ba. Abin da idona ya gani na ɗauka. Yanzu zamanin 'yancin magana ne."

"Rufe mini baki," in ji Sufeto. "Kai ka kunna, kai za ka kashe."

Na nuna masa mai hoton danga. Ya taɓa sunan, shafin ya buɗe fayau, ba aboki, ba rubutu, ba komai sai dangar. Ya yi dariya ya ce wannan ya zaci sanarwar haihuwa ce. Daga nan ya kawo shawararsa. Tunda rigimar duk a kan abu ɗaya ce, Muhsin zai ɗauki sabon bidiyo a nan gabansa, ya ba da haƙuri, shi kuma Yakubu ya faɗa wa duniya da bakinsa ko shi wane ne, kowa ya huta.

Yakubu ya ce, "Yallaɓai, ba za a iya goge wancan ɗin kawai ba?"

"An riga an kwashe shi, Malam. Kalma ɗaya ce fa. Ko akwai shakka ne?"

Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya ƙyalƙyale. Yakubu ya kalle ni, ya kalli ƙasa, na san fetur ɗin nan yake tunani, da 'ya'yansa da aka fara yi wa waƙa a hanyar makaranta. Ya miƙe ya tsaya jikin bango, ya gyara hula. Muhsin ya ɗaga waya.

"Sunana Yakubu," ya ce. "Ni namiji ne."

Ba mu kai gida ba bidiyon ya riga mu. A tasha muka ji shi, a cikin Keke Napep muka ji shi, mai rake ma yana kunnawa. Ta ko'ina muryar Yakubu ce ke fita daga aljihun mutane tana maimaita amsar. Masu zagi suka fara janyewa, wasu har da neman gafara, Sufeto ya yi gaskiya ta wannan fannin. Mun tarar da Adda a gindin tsamiya da kwanon abinci, tana sauraron wayar wani ɗan acaɓa. Ba ta yi kuka ba. Ta sauke kwanon a hankali, ta zauna a ƙasa cikin baƙin mai, ta ce, "Dela, me na yi miki? Shekara nawa ina ɓoye ki?" Ya durƙusa yana ba ta haƙuri, ita kuwa idonta na kan titi, tana duban gabas da yamma.

Da na shiga shago na buɗe sabon bidiyon. Ban daɗe ina nema ba. Mai hoton danga ya zo, kuma wannan karon ba tambaya ya yi ba. Ya rubuta: "To, madalla." Na taɓa sunan don in nuna wa wani, wayar ta ce babu wannan shafin.

Ni Musulmi ne, na san babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare, kuma a kan haka zan mutu. Abin da na gani kawai nake faɗa. Ranar kasuwar da ta biyo baya, rana tsaka, titi ya yi tsit kamar an share, na daina jin gudumarsa. Na leƙa. Yana durƙushe gaban bahon ruwan da yake tsoma tiyub ɗin taya don neman huji, hannuwansa a ciki, kansa a jingine da tsamiya, fuskarsa ta juya wajen dangar gonar da ke bayan rumfar kamar an kira shi ya waiwaya. Iska na ta fita daga tiyub ɗin tana ɓulɓulowa. A asibiti suka ce zuciya ce. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Bayan la'asar aka fito da shi ƙofar gida. Sufeto Ashiru ya zo, Muhsin ma ya zo, wayarsa a aljihu. Muka daidaita sahu, sai mai sanarwa ya ɗaga murya kamar yadda aka saba kafin sallar gawa, don masu addu'a su san wanda suke roƙa wa: "Namiji ne!"

Kafin liman ya ɗaga hannu, muka ji muryar Adda ta tsallako katanga daga cikin gida, a sarari, ba rawa a cikinta.

"Namiji ne," ta ce. "Ɗana ne. Kai, Yakubu. Kai nake kira."

Liman ya ɗan jira ko za ta ƙara wani abu. Da ba ta ƙara ba, ya yi kabbara.