Wa Ya Sauke Ladan Sambo?

Shekara ashirin da biyu Malam Sambo yana kiran salla a masallacin layinmu, a Kurmin Mashi. Kafinta ne, ba kuma wani gwani ba. Kujerar da ya haɗa sai ka yi bisimilla biyu kafin ka zauna. Amma murya kam Allah ya ba shi.

A 1991 haƙoransa na gaba suka zube, harufa suka fara suɓuce masa. Wata Laraba bayan la'asar liman ya ja shi gefe, yana ta murza carbi, ya ce jama'a sun ga ya kamata ya huta, Husaini mai shago zai karɓa.

"Allah gafarta Malam, wa da wa?" in ji Sambo.

Liman ya ce jama'a dai, shi ɗan aike ne.

Sambo ba rigima yake nema ba. So yake ya roƙa a bar masa ko da azahar kaɗai. Sai ya bi mu gida-gida. Alhaji Aminu ya rantse shi muryar Sambo ta fi masa. Husaini ya ce kiransa aka yi kawai. Ni ma na ce ban ce a sauke shi ba, kuma gaskiya na faɗa. Abin da na ɓoye shi ne, ranar da maganar ta taso, ban ma san daga wane sahu ba, tabarma na zuba wa ido. Har yau ina jin kunyar wannan.

Magidanta talatin da huɗu ya zaga, duk suna bayansa, amma lasifika tana hannun Husaini. Delu, matar Sambo, ta ce ya haƙura, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ya ce ya yarda, a dai nuna masa ƙofar gidan sarkin.

Da surutu ya yi yawa, liman ya miƙe bayan wata azahar ya tambaya ko an amince Husaini ya ci gaba. Masallaci ya yi tsit. Sambo yana sahun gaba. Ya buɗe baki, ya duba dama, ya duba hagu, duk masoyansa ne, kowa ya sunkuya. Ya rufe bakinsa.

Liman ya yi hamdala, ya ce jama'a gaba ɗaya sun amince.

A bakin ƙofa muna neman takalma, Sambo ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Ashe har da ni a ciki."