Kafson da Goggo ke fasawa a kokon Abba

'Yan uwa, ku ji abin da Goggo ta yi min yau!

Kwananmu uku a asibiti a Daura, ɗana Abba na fama da limoniya. Yaron da ban taɓa tsallake masa rigakafi ba! Tare muka zo da Goggo, yayar babana, mai riƙe min shi in na tafi aiki.

Ɗazu likita ya shigo. Ya ce rigakafin yana tare yawancin ire-iren ƙwayar cutar, amma ba duka ba. Damuwarsa ita ce maganin da suke ba shi ya ƙi aiki. "Kuna ba shi kafso a gida?"

Na ce wallahi ko sau ɗaya!

Sai Goggo ta sunkuyar da kai. Wai tun da ya fara shan koko take fasa masa kafso a ciki, "don ya wanke masa allurar nan, 'yar nan."

Likita ya ce, "To, ƙwayar cutar ta saba da maganin."

Wata shida, jama'a! Ita ce fa ke riƙe min katin rigakafin a layi!

Yanzu Abba na kan oksijin, tana tambayata wai ta dama masa koko?