Katin da Na Buɗe wa Mijina a Ɓoye

Edita, ina gaishe ku da ku da masu karatu. Ku yi haƙuri ba zan faɗi sunana ba.

A shekarar da aka yi fari, sojoji kuma suka karɓi mulki, ina da shekara biyu da aure, ina aiki a wata ajans ta sayar da biyen jirgi, wato tikiti, kusa da Ƙaramar Kasuwa a Yamai. Ba ni da abokin hira sai littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano. A ƙarƙashin tebur nake ɓoye su, in babu mai saye in buɗe, in yi kukana in share. Daga cikinsu na haddace cewa duk namijin da ke hawa jirgi, akwai wata mai fari da ido da ke jiransa a wani wuri. Ni kuwa mijina ɗan kasuwa ne, kayan waya yake sarowa daga ƙetare, da wuya wata ya wuce bai tashi ba, kuma ni nake yanka masa biye.

Yana da katin wani kamfanin jirgi, irin wanda kowace tafiya ake zuba wa mutum maki, in sun taru a ba shi biye kyauta. Ya kai matsayin da ake shigar da shi ɗakin hutun manya a filin jirgi. Wata ma'aikaciyar kamfanin ce ke kula da masu irin katinsa, doguwa, mai wushirya. Takan kira shi ta faɗa masa inda makinsa suka kai, tana ce masa Alhajin sama, shi kuma ya yi ta dariya irin wadda ban cika samu a gida ba. Da na yi ƙorafi sai ya ce in kwantar da hankalina, matar ta kusa aurar da ɗiya, kuma in da ana ba da maki a kan kishi da tuni na kai mu Makka kyauta. Na yi murmushi, amma a raina sai hango su nake a ɗakin hutun nan mai sanyi, tana zuba masa shayi.

Aikina ya koya mini abin da shi bai sani ba. Kamfanin nasa yana da yarjejeniya da wani kamfani, fasinja na iya zaɓar katin da za a zuba makin tafiyarsa a cikin biyun. Sai na ɗauki kwafin fasfonsa na buɗe masa katin wancan kamfanin ba da saninsa ba. Duk biyen da na yanka masa, lambar sabon katin nake sakawa. Nufina katinsa ya daina cika, matsayinsa ya faɗi, a daina buɗe masa ɗakin, ita ma ta rasa dalilin kira. Wata takwas ina haka. Bai lura ba, domin hankalinsa na ƙauyensu a yankin Tawa, inda shanu ke faɗuwa, duk ribarsa tana tafiya a buhunan hatsi. Sau ɗaya matar ta kira yana wanka, na ɗauka, ta ce don Allah madam in faɗa masa tafiye-tafiyensa ba sa fitowa a katinsa, ya leƙo biro, wato ofishinsu, su duba. Na ce to, na goge kiran.

Ana cikin haka aka kawo mana surukata, Inna, idanunta suna rufewa. Likita ya ce aikin sai a Tunisiya, kuma kada a wuce makonni kaɗan. Mijina ya tattara abin da ya rage masa ya ga zai biya asibiti da biyensa shi, na Inna kuwa ya ce kada in damu, makinsa sun isa, dama don irin wannan ranar yake tara su. Washegari ya tafi biron kamfanin, matar ta duba ta ce masa makin ba su kai ba, an karkatar da su wani kati mai sunansa, daga ajans ɗinmu. An raba su gida biyu, ba a haɗa na wannan da na wancan, kuma babu ɗayan da ya isa biye. Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni kawai ko me Inna ta yi mini. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya, har da shayin da nake hango tana zuba masa, ya ce ashe duk wannan a kan kofin shayi ne.

Sai da ya sayar da filinsa na unguwar Bobiyel, a lokacin da kowa ke sayarwa babu mai saye. Kafin ciniki ya faɗa wata biyu sun wuce. Da aka kai ta, an ceto ido ɗaya, ɗayan ya tafi ke nan. Bai sake ni ba, bai kuma faɗa wa Inna ba. Har yau in na kai mata abinci takan juyo da gefen da take gani, ta ce ɗiyata Allah ya yi miki albarka, in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa tun daga ranar bai ƙara yankan biye a hannuna ba. Wurin matar nan yake zuwa da ƙafarsa, ya zauna gaban teburinta, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu zuciyata tana tafasa duk ranar da ya je. Sai dai ba ni da bakin magana.

Abin da na koya shi ne kishi ba ya tsayawa a kan wadda aka nufa da shi. Ni matar da ba ta san ina yi ba na auna, tsohuwar da ke sa mini albarka na samu. Ƴan uwana mata, musamman ku da amanar miji ke bi ta hannunku a wurin aiki, in zargi ya kama ku ku yi faɗanku a fili, ku yi kuka in za ku yi. Kada ku taɓa abin da ya ajiye a ɓoye, domin ba ku san ranar da ya ajiye shi dominta ba.