Sarƙar Baƙi

Yayana yatsu takwas gare shi, shi ya sa duk garejin ake ce masa Baba Takwas. Biyun da suka tafi sarƙa ce ta ci su, yana ɗan shekara ashirin da uku, ranar da suke jan wata motar katako daga rami ta tsinke ta dawo masa. Kawu, mai kamfanin janwen, wato motocin jan mota, shi ya kai shi asibiti, shi ya tura shi kwas bayan ya warke, ya dawo da satifiket na duba kayan jan mota. Tun daga lokacin ba janwen da ke fita daga ƙofarmu da safe sai Yaya ya duba birki da fitila da ƙugiya da sarƙa ya sa hannu. Haka doka ta ce, kuma shi kaɗai ke da takardar a cikinmu.

Ni ce ƙanwarsa, ni ke zaune a ofis ina ɗaukar waya. Mota ta mutu a titi, ko ta faɗa kwalbati, ni za a kira, in tura direba. Ofis ɗin ma sunansa ne kawai ofis: tebur ɗaya, kujera biyu, fanka mai kuka, da taga da ke kallon ramin duba motoci. A bayan garejin akwai ɗakuna uku da Kawu ya ba mu lokacin da babanmu ya rasu. A nan muka girma, a nan Yaya ya yi aure, a nan Inna take kwance shekara shida ke nan ba ta iya tashi. Daga gadonta tana gane kowace janwe da ƙarar injinta.

Yaya ba ya duba sarƙa da ido kawai. Zai shimfiɗa ta a ƙasa, ya tsuguna, ya bi ta gaɓa-gaɓa da yatsun nan nasa, yana murzawa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Inda gaɓa ta siranta ko ta miƙe sai ya ja mata farin alli. Direbobi suna tsokanarsa, su ce Baba Takwas ya fi sanin sarƙa a kan matarsa. Shi kuwa ba ya ko ɗagowa, sai ya ce ai matarsa ba ta taɓa cire masa yatsa ba.

Kawu yana raye, in alli ya kai uku a sarƙa, jefar da ita ake yi. Da ya rasu ɗansa ya karɓi kamfanin. Ƙarami muke ce masa, don a bayana na goya shi, amma yanzu in da mutane sai in ce Maigida, bakina na ɗaci. Ƙarami bai taɓa riƙe ƙugiya ba a rayuwarsa. In Yaya ya je masa da maganar sarƙa, sai ya ce a lallaɓa zuwa wata mai zuwa. Wata mai zuwan nan mun shekara goma sha huɗu muna jiransa.

Abin da ya yi shi ne ya sayo sabuwar sarƙa guda ɗaya tak, mai kauri, mai fentin rawaya, ya sa aka rataye ta a sito. Janwe uku, sarƙar kirki ɗaya. Ba ta fita aiki, sai ranar da mai duba motoci zai zo, sau biyu a shekara. Direbobi suka sa mata suna sarƙar baƙi.

Ga yadda ake yi, kuma ba zan wanke kaina ba, da hannuna a ciki. Ramin duba yana gaba, mota ɗaya yake ɗauka. Sauran suna bayan katangar makanikai, inda ba a hango su. Janwe lamba ɗaya za ta zo da sarƙar baƙi, mai duba ya auna ya yaba, ta koma baya. Sai in ja shi ofis cike takarda, in zuba masa shayi, in yi ta neman fayil ɗin da ni da kaina na zauna a kai. A bayan katanga kuwa Yaya ya kwance sarƙar, ya loda ta a baro, ya tura wa lamba biyu, ya canza ɗan ƙarfen da ke ɗauke da lambar sarƙa da filaya. Minti huɗu yake yi. Da yatsu takwas! Har alfahari yake da shi a farko, kafin abin ya fara hana shi cin abinci.

Na sha yi masa faɗa. Na ce ya ajiye aikin, masu janwe sun cika gari, kowa na neman mai satifiket. Sai ya tambaye ni ina za mu kai Inna, wa zai ba mu ɗaki uku a ƙasa ba hawa bene, kusa da asibitinta. In na ce to ya ƙi sa hannu, ya ce in ya ƙi wani za a kawo wanda ko tsugunawa ba zai yi ba, shi aƙalla yana gaya wa direba wace gaɓa ce za a kauce mata. Duk inda na ɓullo sai ya tare ni da magana mai kama da gaskiya. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma washegari ni ke miƙa masa biron.

Abin ya ƙara nauyi da ɗansa Dogo ya zama direba. Dogo magidanci ne, da 'ya'ya mata biyu, kuma shi aka ba lamba uku, babbar janwen da ke jan manyan motoci. Sarƙarta ita ta fi kowacce gajiya. A makon da nake ba ku labari alli bakwai ne a jikinta, ɗaya daga ciki Yaya ya zagaye shi sau biyu, ya ce gaɓar ta fara tsagewa.

Ranar duba ta zo da ruwan sama tun asuba. Ƙarfe goma mai duba ya iso, wani dattijo mai tabarau da ya shekara yana zuwa mana, yana girmama Yaya sosai, Malam yake ce masa. Yana cikin kakkaɓe lema wayar ofis ta yi ƙara. Tankar ruwa ce cike, ta zame a gangaren gada, ƙafafun baya suna lilo, ta tare hanya. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da na ce motocinmu duk suna aiki. Amma Ƙarami yana tsaye a kaina, ya ji komai.

Ya leƙa bayan katanga ya ce ai lamba uku ce ta ƙarshe a layi, Dogo ya je ya ja tankar ya dawo kafin azahar, sai a ɗaura masa ta baƙi a duba. Na bi shi a baya da takardar adireshin. Yaya yana tsaye da baro, sarƙar rawaya a ciki, zai kai wa lamba ɗaya. Ya ce wa Ƙarami tsohuwar sarƙar ba za ta ɗauki tanka cike a gangare ba. Ƙarami ya ce ta ɗauki wadda ta fi ta, ya juya ya koma wurin baƙonsa.

Yaya ya tsaya a cikin ruwan nan yana kallon baron. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ya juya akalar baron zuwa lamba uku. Ya kwance tsohuwar ya yar a ƙasa, ya fara ɗaura sabuwar.

Dogo ya sauko daga mota. "Baba, wannan ai ta baƙi ce."

"Na sani. Ka sa katako a bayan tayoyi kafin ka ja. Tafi."

Dogo ya dube ni, na kawar da kai, ya tafi. Yaya ya goge hannu a wando, ya hau lamba ɗaya da kansa ya kawo ta ramin duba da tsohuwar sarƙarta. Ko allin bai goge ba. Na tsaya a bakin taga da kofin shayi a hannu, ba wanda zan ba.

Mai duba ya sunkuya ya fito da ma'auninsa. Ya auna gaɓa ɗaya, ya auna ta biyu, ya gyara tabarau. Ya sa aka kawo lamba biyu, ita ma haka. Sannan ya karɓi takardar safe daga hannuna ya daɗe yana kallonta.

"Malam, wa ya ja allin nan?"

"Ni ne."

"Wa ya sa hannu yau da safe cewa sarƙar lafiya lau take?"

"Ni ne."

Ƙarami kuwa, ku zo ku ga ikon Allah. Ya dafe kai, ya ce shi bai san komai ba, shi ofis yake zama, ya dogara da mai satifiket, ashe cin amanarsa ake yi. Maganar ta taho min har maƙogwaro, na buɗe baki zan zazzage shekara goma sha huɗu a gaban kowa. Yaya ya ɗago ya kalle ni, sannan ya kalli tagar ɗakin Inna. Na haɗiye. Har yau abin yana nan tsaye a wuyana.

Dogo ya dawo bayan la'asar, jiƙe sharkaf. Ya ce sau biyu tankar tana fizgar janwen baya, har gaban motar ya ɗaga, amma sarƙar ta riƙe. Fentinta duk ya goge. Yaya ya shimfiɗa ta a ƙasa ya bi ta gaɓa-gaɓa, ya mayar da ita sito.

An karɓe satifiket ɗin Yaya, an rubuta sunansa a inda duk mai janwe zai gani. An ba kamfani mako biyu ya gyara. Na ɗauka yanzu kam dole a sayi sarƙa. Ina! Ƙarami ya aro biyu daga garejin wani abokinsa, aka duba, aka buga hatimi, da yamma aka mayar. Bai kori Yaya ba, ya ce albarkacin zumunci, ya mayar da shi bakin ƙofa yana buɗe wa motoci. Ɗakunan suna nan, Inna tana nan. Wanda a da ake nemansa a ko'ina, yanzu ba inda zai je.

An ɗauko sabon mai satifiket, mutum mai fara'a da takalmi mai tsabta. A tsaye yake duba mota, ya zagaya ta sau ɗaya ya sa hannu. Yaya kuwa bai fasa ba, kafin ya buɗe ƙofa sai ya tsuguna ya bi sarƙoƙin nan uku da yatsunsa, alli a aljihu, ba mai tambayarsa abin da ya gani.

Da wata shida ya kusa cika, abokin Ƙarami ya ce ba zai sake ba da aro ba. Ina shanya a bayan gareji na ga sabon mai satifiket ɗin ya zo ya tsaya kusa da bencin Yaya yana sosa ƙeya. Ya ce Maigida ne ya turo shi, an ce Baba ya iya canza sarƙa a minti huɗu, ya taimaka ya nuna masa. Na ajiye bokiti, ina jiran Yaya ya kore shi.

Bai kore shi ba. Ya ce zai koya masa, har da yadda ake canza lamba, amma da sharaɗi: ban da ranar duba, sarƙar rawaya a jikin lamba uku za ta riƙa zama. Mutumin ya je ya dawo ya ce Maigida ya yarda.

Da ya tafi na zo na tsaya a kan Yaya. Direban lamba ɗaya tare suka taso da Yaya, na lamba biyu kuwa jiya-jiya matarsa ta haihu.

"Yaya, sauran biyun fa? Su ba 'ya'yan wasu ba ne?"

Ya juya allin a tafin hannunsa.

"Sarƙar ɗaya ce, ƙanwata," ya ce.

Lamba biyu ta yi ham a bakin ƙofa za ta fita aiki. Ya tashi ya buɗe mata.