Gaiwa a Kwatarniya

Ni ne mutumin da ya taɓa yin damina a cikin kwatarniya. Wautata ta kai har nan. Lakwal dai, makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Na kama ginin laka a Zinder, sana'ar ubana.

Matata 'yar masunta ce daga wajen Gidimuni. Ni kuwa kafin in aure ta, kifin da na sani shi ne banda, baƙi ƙirin, yana warin hayaƙi. Ita ta koya mini cewa kifi ma dangi-dangi ne. Ta kan tsaga karfasa ta nuna mini 'yar jakar iskar da ke hana ta nutsewa, ta ɗaga marfin kuncinta ta nuna jan abin da take numfashi da shi. Har mutane ta kan rarraba haka. Maƙwabcinmu kurungu ne, ko ta ina ka taɓa shi ƙaya. Na ce, "Ni fa?"

"Kai? Tarwaɗa. Ba ɓawo, sai santsi da gashin baki."

A bazarar shekarar da Nasara suka sauke tutarsu, tari ya kama ta. An kai ta likita, an dawo da ita da kwalbar magani, ba wanda ya ce mana komai. Ni ma ban tambaya ba.

Lokacin ina haƙar laka a wani busasshen tabki wajen Guna. Wata rana na ɓalle wani curi mai 'yar ƙofa a samansa, kamar an soka tsinke. Na kawo gida na ce ga tsarabar magini. Ta juya shi a hannu, fuskarta ta yi haske.

"Maigida, kada ka fasa! Gaiwa ce a ciki."

"Kifi cikin hoge? 'Yar masunta, zazzaɓi ne ke magana."

Ta yi dariya har tari ya tare ta. Da ya lafa, ta ce gaiwa ba kamar sauran ba ce, huhu gare ta irin namu. In tabki ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe, ta rufe fuska da wutsiya, yauƙin jikinta ya bushe ya zame mata jaka. Ta wannan 'yar ƙofa take shan iska kaɗan-kaɗan har ruwa ya sauka.

"Ajiye mini ita nan kusa da gado," in ji ta. "Ni da ita numfashinmu ɗaya yanzu. Ruwan fari in ya zuba, ka fitar da mu tare mu gani."

Na ajiye. Kullum da safe ta kan ce, "Mun kwana, ni da ƙawata." Ni kuma in ce ƙawarta ta fi ta cin abinci.

Zafi ya tsananta. Hadari ya kan taso daga gabas, ya yi baƙi a kan duwatsun unguwar Birni, iska ta watsa shi. Zobenta ya soma zamewa daga yatsa. Ina kallon sama, ina kallon zoben. Wata rana da hantsi na kasa daurewa. Na kira mai ga-ruwa ya cika mini kwatarniya, na jawo ta bakin gado, na saka curin a ciki. A raina, zan faranta mata.

Lakar ta jiƙa, ta narke. Can sai wani abu dogo ya warware a hankali, da hannuwa huɗu sirara kamar zare. Gaiwar ta ɗago kai saman ruwa, ta buɗe baki, ta ja iska da 'yar ƙara. Na yi tsalle kamar yaro. "Kin gani? Ta farka! Wallahi gaskiyarki!"

Matata ta daɗe tana kallon kifin. Ba ta yi dariya ba. Ta yi magana guda, ta juya ga bango.

Ba ta kai ruwan fari ba. Gaiwar na riƙe ta ina ba ta tana da fara, har tabki ya kawo, na ɗauke ta a tulu zuwa Guna na sake ta. Ranar da gari ya cika da kiɗan 'yancin kai, ina zaune a ɗaki ina jin ruwa na zuba daga indararon da na kafa da hannuna.

An ce ba a taɓa kayar da ni a baki ba, ko a majalisar magina. Amma abin da ta ce da ni ran nan, har na tsufa ban samo amsarsa ba. A hankali ta faɗa, ba da fushi ba:

"Maigida, ashe kai ma ka san ba zan kai damina ba?"