Injin Shara da Makwancin Malam Jaji

Barau ɗan Buji ne, kuma taubashina, don haka ko a kasuwa na tone shi babu mai kai ni ƙara. Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ya yi noma, gona ta ƙi shi. Ya yi dako a Ringim, buhu ya kayar da shi. Ya yi aure, matar ta ce bari ta je gidansu ta sauke tukunya, har yau ba ta dahu ba.

Daga ƙarshe ya faɗa gidan marasa galihu da jama'ar wani masallaci suka gina a unguwar Limawa. Aka ba shi tabarma da kwanon tuwo, shi kuma ya riƙe tsintsiya. Duk ranar da tsintsiyar ta bar hannunsa, tabarma da kwano za su bi ta.

Aibinsa ɗaya ne: ba ya share gindin ginshiƙin babban ɗakin kwana. A nan Malam Jaji, wani tsohon masunci daga Haɗeja, ya yi jinya har Allah ya karɓi abinsa. In aka tambayi Barau, sai ya ce, "Malam hutawa yake."

Alhaji Bubayero, shugaban kwamitin gidan, ya gaji da wannan magana. Wata Asabar da hantsi ya zo da wani Faisal mai sayar da na'urori, ɗauke da injin shara kamar kwanon sha a kife.

"Wannan ba ya cin tuwo, ba ya camfi," in ji Alhaji, yana kallon Barau.

Faisal ya ce injin yana da ido. In ya ga mutum a gabansa sai ya tsaya, har muryar Hausa aka sa masa. Ya danna. Abu ya kama rarrafe yana lashe siminti. Ya iso ƙafar Inna Lauratu mai girki, ya ce, "Gafara dai."

"Kai, ɗan albarka! Ya fi wasu ladabi," in ji ta. Aka kwashe da dariya. Barau kuwa ya ƙanƙame tsintsiyarsa.

Injin ya nufi makwancin Malam Jaji, daura da ginshiƙi. Saura taku guda ya tsaya cik. Gabansa babu kowa, ƙura ce kawai.

"Gafara dai."

Dariya ta mutu. Faisal ya goge masa ido da gefen riga, ya sake sakinsa. Ya koma daidai wurin.

"Gafara dai."

"Alhaji, ginshiƙin yake gani," in ji Faisal. Amma ginshiƙin yana can gefe, kuma gumi ya jiƙa wa Faisal wuya.

Alhaji ya fusata. "Barau! Share min wurin nan yanzu, ko ka naɗe tabarmarka."

Barau ya dubi ƙofa, ya tuna ba shi da inda za shi. Ya matsa, ya durƙusa.

"Baba Jaji, ka yi haƙuri. Gafara dai. Tuwona ne."

Sai aka ji ƙamshin bandar kifi ya gifta ta tsakanin mutane. Ba wanda ya taɓa injin, amma ya shige wurin ya share shi tas. Sannan ya juyo a hankali, kamar mai bin sawun wani, ya ratsa ɗakin, ya tsaya a filin da ke kusa da kafaɗar Alhaji ta hagu.

"Gafara dai."

Alhaji bai waiwaya ba. Leɓensa kawai ke motsi da addu'a. Da murya ta dawo masa, ya ce, "Faisal, ɗauke abinka. Barau, ci gaba da aikinka." Takalminsa ma sai da aka bi shi da shi mota.

Barau dai yana nan da tsintsiyarsa, har ya fara kumatu. Sai dai tun da tsohon ya tashi daga gindin ginshiƙi, babu wanda ya san inda ya koma kwanciya. Shi ya sa Barau kan fara shara da sassafe ya kai azahar bai gama ɗaki ɗaya ba. Kowane taku sai ya tsaya, ya ce gafara, ya kasa kunne. Wani lokaci ya share. Wani lokaci ya kewaye.